Sai Ta Ɓaci Ake Neman Su: Gwanayen Ceto Bayanai Daga Kaset

A watan Yulin 2006 tsautsayi ya faɗa wa Ma'aikatar Kuɗin Shiga ta jihar Alaska a Amurka. Wani ma'aikaci yana cikin gyaran kwamfuta irin na yau da kullum sai ya goge faifan da ke ɗauke da bayanan masu neman kasonsu na ribar asusun man fetur, kuɗin da jihar ke raba wa mazaunanta duk shekara. Abin bai tsaya nan ba, faifan da aka ajiye kwafi a kai shi ma ya bi sahu. Tudun dafawa ɗaya ya rage, wato kaset-kaset na ajiya. Da aka ɗauko su sai aka tarar ba sa karantuwa. Ƙarshenta kwalayen takardu sama da 300 aka jawo, ma'aikata suka duƙufa har a ranakun hutu suna sake ɗaukar hoton takardun ɗaya bayan ɗaya. Hotuna kusan 800,000 ne suka salwanta, gyaran ɓarnar kuma ya ci sama da dala 200,000.

Shekara biyar ba ta cika ba, a Fabrairun 2011, wata sabuwar manhaja da kamfanin Google ya ɗora ta share wasiƙun wasu masu amfani da Gmail, kimanin kashi 0.02 cikin ɗari. Kamfanin yakan ajiye kwafin wasiƙa a wurare da dama, amma kuskuren ya bi kwafe-kwafen ya taɓa su. Wanda ya tsira shi ne na kan kaset, domin kaset yana gefe a ajiye, babu wayar da ta haɗa shi da komai. Daga nan aka riƙa dawo wa mutane da wasiƙunsu.

Kaset ya kunyata waɗancan, ya fitar da waɗannan kunya. A tsakanin ranakun nan biyu akwai wata sana'a da ba a cika jin labarinta ba, ta mutanen da ke kula da kwafin ajiyar rumbun bayanai. Su ake tasa cikin dare idan kwafi ya ƙi hawa kaset, ko kuma, wanda ya fi muni, idan ya hau ya ƙi sauka. Maza da mata ne, suna nan a bankuna da kamfanonin waya da asibitoci da cibiyoyin bincike, kuma abin da suka iya ya cancanci a tsaya a dube shi.

Me kaset ke yi a zamanin intanet?

Mutane da yawa sun ɗauka kaset ya tafi tare da rikoda. A ɗakunan manyan kwamfutoci kuwa yana nan daram. Tun 1951 kwamfutar UNIVAC ta fara ajiye bayanai a zaren maganaɗisu, IBM ya biyo baya a 1952. Nau'in da ya mamaye kasuwa yau ana kiransa LTO, wanda kamfanonin HP da IBM da Seagate suka haɗu suka tsara. Na farkonsa ya fito a shekarar 2000 yana ɗaukar gigabayit 100. Zubi na tara, wato LTO-9, da ya fito a 2021, yana ɗaukar terabayit 18, ninki 180 ke nan, a cikin akwatin roba da bai wuce a riƙe da hannu ɗaya ba. Yana da araha idan aka kwatanta da faifai, ba ya shan wuta idan yana kan kanta, masu ƙera shi sun ce yana iya kai shekara 30 in an adana shi yadda ya dace, kuma masu kutsen da ke kulle wa kamfanoni bayanai su nemi kuɗin fansa ba su da hanyar isa gare shi. Shi ya sa cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba take tara sakamakon gwaje-gwajenta a kan kaset har gobe.

Duk wanda ya yi zamani da kaset ɗin rikoda ya riga ya san rabin halin wannan abu. Ba ka isa waƙa ta biyar sai ka wuce huɗun farko, kan rikoda in ya yi datti murya ta dusashe, zare yakan harɗe, in kuma ka danna jan maɓalli bisa kuskure sabuwar ɗauka ta hau kan tsohuwa. Na kwamfuta ma haka yake, sai dai komai nasa ya fi tsanani. Zaren LTO-9 faɗinsa rabin inci ne, tsawonsa mita 1,035, ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. A kan wannan ɗan faɗi ake jera layukan rubutu 8,960. Kan na'ura yana rubuta 32 a lokaci guda, in ya kai ƙarshe ya ɗan gusa ya juyo, haka har sau 280 kafin kaset ya cika. Yana rubutawa kuma wani ɓangare na kan yana bin sawu yana karanta abin da aka rubuta, in bai fita da kyau ba a sake rubuta shi a gaba. Inda aiki ya kai wannan siranta, ƙwayar ƙura ɗaya ba ƙaramar magana ba ce.

Waye mai laifi?

Kafin bayani ya kwanta a kan zare sai ya bi hannu biyar: rumbun bayanan kansa, manhajar da ke tsara ajiya, babbar kwamfuta da wayar da ta haɗa ta da na'ura, na'urar kaset, sannan kaset ɗin. Kowanne cikinsu in ya yi tuntuɓe, saƙon da ke fitowa a allo kusan iri ɗaya ne: an kasa rubutawa, ko an kasa karantawa. Sabon shiga yakan ga wannan ya ce kaset ya lalace, ya jefar ya sa wani. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ya tara kaset goma masu lafiya a kwandon shara, alhali wayar bayan na'ura ce ta saki.

Gwani ba ya fara da zargi. In kaset ɗin yana ɗauke da abin da ake son ceto, abu na farko da zai yi shi ne ya kai yatsa ya tura ɗan jan makullin da ke jikinsa, wanda ke hana a yi rubutu a kai. Daƙiƙa biyu ce, amma ita ke raba matsala da musiba. Dalili kuwa, da zarar na'ura ta yi sabon rubutu a farkon zare, takan sa alamar cewa nan bayani ya ƙare, kuma ba za ta yarda ta karanta abin da ke bayan alamar ba, ko da tsohon kwafin yana kwance a wurin. Sauri ya haifi nawa.

Daga nan sai ya buɗe rahoton da kowane hannu ya rubuta. Ba ya fara karatu daga ƙasa, inda manhaja ta yi ta kururuwa da jan rubutu. Yakan haura sama ya nemo ƙorafin farko, domin sauran duk 'ya'yansa ne. Sai ya daidaita lokuta: ƙarfe biyu da minti goma sha huɗu rumbun bayanai ya ce ajiya ta tsaya, to a wannan mintin me babbar kwamfuta ta gani? In ta rubuta cewa na'ura ta ɓace mata ta sake bayyana, maganar ta koma kan waya ko katin da wayar ke shiga, kaset ya fita daga zargi. Masu aiki da rumbun Oracle sun san wata lamba, ORA-19511. Wanda bai ƙware ba yakan kwana yana tone-tone a cikin Oracle saboda ita. Gwani ya san ɗan aike ce kawai, saƙon manhajar kula da kaset ta kawo, don haka can zai nufa.

Ita ma na'urar tana magana ga mai jin yarenta. A goshin na'urorin IBM akwai ɗan allo mai nuna harafi ko lamba guda. In ya nuna C, tana neman a goge mata kai. In ya nuna 5, ciwon a jikinta yake. In 7 ne, kaset take zargi. In kuwa 6 ya fito, cewa take yi akwai matsala amma ita ma ba ta san ko ita ce ko kaset ba. A nan ne gwani ke yin gwajin da ya fi kowanne sauƙi ya kuma fi kowanne yanke gardama. Zai ɗauki kaset ɗin da ake zargi ya kai wa wata na'ura, ya ɗauko wani kaset da ya tabbatar da lafiyarsa ya ba na'urar farko. In ciwo ya bi kaset, an san mai laifi. In ya zauna a na'ura, an sani. In duk biyun sun yi aiki lafiya bayan musayar, to sai a duba can baya, wajen waya da manhaja. Ƙa'idarsa ita ce abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya kaset da waya da manhaja a tashi ɗaya, ko aiki ya tashi bai san abin da ya gyara ba, kuma ranar da ciwon ya dawo zai koma gidan jiya.

Hannunsa ma ya san aiki. Zai juya kaset ya tura 'yar ƙofar gefe ya leƙa. A bakin zaren akwai wani ɗan siririn ƙarfe da na'ura ke kamawa ta ja zare zuwa cikinta. Kaset in ya faɗi ƙasa ƙarfen nan yakan goce daga mazauninsa, in aka tura shi haka sai ya maƙale, wani lokaci har ya ja wa na'urar lahani. Zai duba kaset ɗin goge kai ya ga sau nawa aka yi amfani da shi, domin bayan kamar sau 50 ya gama aiki, kuma ba ya goge kai sai na'ura ta nema. In an sa sabon kaset na LTO-9 aka ga ya daɗe bai ce komai ba, ba zai bari a kashe wuta ba, don ya san karon farko na'ura takan ɗauki lokaci tana daidaita kanta da zaren, abin da kan iya kai awa biyu.

Har kunne yana da rabonsa. Na'urar LTO-9 tana iya haɗiye megabayit 400 a daƙiƙa, kuma an yi ta ne ta riƙa gudu ba tsayawa. Tana iya rage sauri in bayani ya yi ƙaranci, amma akwai iyaka. In babbar kwamfuta ta gaza ciyar da ita, sai ta tsaya, ta ja da baya, ta jira, ta sake tashi. Gwani yana shiga ɗaki ya ji wannan kai-kawo ya san ajiyar da ta saba ƙarewa kafin asuba yau za ta kai hantsi, kuma zare da kai suna cin juna a banza. Na'urar lafiyarta ƙalau, yunwa ce ke damunta. Maganin shi ne a fara tara kwafi a faifai mai sauri sannan a kwarara shi kan kaset, ko a haɗa magudanan bayani da yawa su shiga tare. Amma ya san dabara ta biyun tana da farashi: abin da aka cakuɗa wajen rubutawa sai an tsince shi wajen karantawa, ranar dawo da bayanai aiki zai yi nauyi.

Kurakuran da ba sa ihu

Matsalar da ta fito fili mai sauƙi ce. Wadda ke hana gwani barci ita ce wadda allo ke nuna an yi nasara alhali babu komai.

A kwamfutocin Linux na'urar kaset guda tana da suna biyu, st0 da nst0. In ka kira ta da na farko, tana gama aiki za ta mayar da zare farko. In ka kira ta da na biyu, za ta tsaya inda ta tsaya. Ka ɗauka wani ya tsara a kwafe rumbuna uku a jere kowane dare, ya yi amfani da sunan farko. Rumbu na ɗaya ya hau, zare ya koma farko, na biyu ya hau kansa, na uku ya hau kan na biyu. Kowane mataki zai ba da rahoton nasara, kuma gaskiya ya faɗa. Wata da watanni ana tafiya a haka, sai ranar da aka nemi rumbu na ɗaya. Harafi guda ne ya jawo wannan, kuma idon gwani a kansa yake fara sauka.

Akwai kuma girman ƙunshi. Na'ura ba ta rubuta bayani a warwatse, ƙunshi-ƙunshi take jera shi. In an rubuta da manyan ƙunshi aka zo karantawa da ma'aunin ƙanana, Linux yakan ce wurin ajiyar wucin gadi bai isa ba. Mai gaggawa zai tafi neman ƙarin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko ya yanke hukuncin kaset ya mutu. Gwani zai karanto ƙunshi ɗaya tak ya auna girmansa, ya gyara lamba guda a umarninsa, bayanai su fara zuba.

Shi ma adadin da ke jikin kwali yana ruɗin mutane. An rubuta terabayit 18, an kuma rubuta 45, na biyun in an matse bayanai ke nan. Amma abin da rumbu ya riga ya matse, ko ya kulle da lambar sirri, ba ya sake matsuwa. Sai kaset ya cika tsakar dare, manhaja ta tsaya tana jiran a sa mata wani, babu kowa a ofis.

Wannan irin shiru ba a kaset kaɗai yake ba. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbunsu bisa kuskure, kusan gigabayit 300. Da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da ake taƙama da su, babu wadda take aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa saboda manhajar kwafi ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6, wasiƙun gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin lamarin ne ya cece su, bayanan awa shidan nan kuwa sun tafi. Tun daga irin wannan ne masu sana'ar suka riƙe cewa rashin jin ƙorafi ba shaidar lafiya ba ne.

Ranar dawo da bayanai

A nan ake sanin gwani. Rumbu ya faɗi, layi ya taru, waya tana ta ƙara, shugaba yana tsaye a kansa: "Injiniya, yaushe za mu dawo?" Amsar mai sanin aiki ba ta wuce, "Ranka ya daɗe, bari in ga abin da ke hannunmu tukuna, sannan in faɗi lokacin da ba zan saɓa ba."

Rumbun bayanai ba ya dawowa da kaset ɗaya. Akwai cikakken kwafi, wanda aka saba ɗauka mako-mako. Akwai na abin da ya sauya tun daga cikakken. Sannan akwai kundin sauye-sauye, inda rumbu ke rubuta duk shiga da fita a jere, kowanne da lambarsa. Dole a ɗora su bi da bi. In guntu ɗaya na kundin ya ɓata, to nan tafiya ta ƙare, duk abin da ya biyo bayansa ba zai hau ba. Don haka kafin ya taɓa komai gwani yakan karanta kan kowane kaset, ya jera lambobin a takarda, ya tabbatar babu giɓi. A rumbun SQL Server akwai kalmar NORECOVERY da ake sakawa a kowane mataki don rumbu ya san akwai saura. Wanda ya manta ta a tsakiya, rumbu zai buɗe ƙofa ya ƙi karɓar sauran, sai a koma farko, awoyi sun tafi. In kuma kuskuren mutum ne ya jawo ɓarnar, misali an goge jadawalin albashi da ƙarfe goma da minti biyar, gwani yana iya tsayar da rumbu a ƙarfe goma da minti huɗu daidai. Wanda ya taɓa ganin an yi wannan a gabansa ba ya sake raina mai aikin.

Tarkunan hanya kuwa suna da yawa. In an raba kwafi ɗaya a kan na'ura biyu don sauri, dole a kawo kaset ɗin ɓangarorin biyu, rabi ba ya amfanin komai. Rajistar Oracle tana iya cewa kwafin wata uku da suka wuce yana nan, alhali manhajar kaset ta ga wa'adinsa ya cika ta ba da shi an rubuta wani abu a kai, shi ya sa gwani ke sa rajistocin biyu su riƙa tantance juna. Tun daga LTO-4 na'ura tana iya kulle bayanai da lambar sirri, in makullin yana cikin kwamfutar da ta ƙone, kaset ɗin ya zama roba. Tsufa ma tarko ne. Har zuwa LTO-7 na'ura tana karanta kaset na zubi biyu da suka gabace ta, a LTO-8 da LTO-9 aka koma zubi ɗaya. Ofishin da ya sayi sabuwar na'ura ya yi gwanjon tsohuwa yana iya wayar gari da kabad cike da kaset da babu abin da zai karanta su. Gwani yakan ɓoye tsohuwar na'ura mai lafiya, ko ya kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabon zubi tun da sauran lokaci.

A ƙasashenmu akwai ƙarin abokan gaba uku: ƙurar hunturu, zafin bazara da ɗauke wuta. Kaset na ajiya mai tsawo yana son sanyin da ke tsakanin digiri 16 da 25, a Kano kuwa watan Afrilu yakan haura 40. Wanda aka bari a bayan mota da rana, ko aka fito da shi daga zafi aka cusa a na'ura cikin ɗaki mai sanyi ba tare da ya huce ba, an ɗauki alhakinsa. Masu ƙera shi sun ce a bar shi ya saba da ɗakin, har zuwa awa 24. Wuta kuma in ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kwafin daren ya zama abin tuhuma har sai an gwada shi.

Gwadawar nan ita ce ƙashin bayan sana'ar duka. Manhajoji suna da umarnin duba kwafi, amma gwani ya san iyakarsa: yana nuna kaset yana karantuwa, ba ya nuna rumbun da ke ciki lafiyayye ne. Rumbun da ya riga ya ruɓe ana iya kwafe shi tsaf da ruɓarsa. Saboda haka lokaci-lokaci, ranar da babu abin da ya faru, yakan zaɓi kaset, ya dawo da rumbu gaba ɗaya a wata kwamfuta ta daban, ya sa a binciki cikinsa, ya duba agogo ya rubuta awa nawa aikin ya ci. Yakan rubuta matakan dalla-dalla yadda wani zai iya bi ko ba ya nan, ya ajiye takardar da makullin sirri a inda gobarar ɗakin kwamfuta ba za ta kai ba. Yana kuma riƙe da tsohuwar ƙa'idar nan ta kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin takaici, wannan ne ɓangaren aikin da ba a gani, shi ne kuma ake fara yankewa in an zo tsuke kasafi. Kwamfutar gwaji ana ganin almubazzaranci ce, ranar gwaji ana ganin zaman banza ne. Ga shugabannin bankuna da asibitoci da jami'o'i da ma'aikatun da ke riƙe da bayanan jama'a, shawara ita ce ku kira mai kula da ajiyarku a wannan makon. Kada ku tambaye shi ko ana kwafe bayanai, kowa zai ce ana yi. Ku tambaye shi yaushe aka dawo da rumbu daga kaset a karo na ƙarshe, awa nawa aka ɗauka, kuma wa ya san inda makulli yake in ba ya nan. In ya amsa ba tare da inda-inda ba, ku riƙe shi da kyau, ku biya shi haƙƙinsa. In ya ce ba a taɓa ba shi kayan gwaji da lokaci ba, ku ba shi tun yau.